Idan sarki ya ƙi sa hannu a doka fa?

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, daga birnin Kano muke zuwa muku. Ina tare da Malam Auwalu da Barista Nasiru. Yau ƙasa za mu ƙirƙira, mu sa mata suna Tsaunin Gabas. Tana da sarki mai gadon sarauta, amma kundin tsarin mulki ne ya shata masa iyaka. Malam, ta ina za a fara gina majalisarta?

Auwalu: Da lissafi, Malama Hadiza. Majalisar wakilai kujera 120, zaɓe duk shekara 4. Wanda ya tara goyon bayan wakilai 61 shi ne firaminista, ministocinsa kuma daga cikin zauren za su fito. Ba a zama sai mutum 40 sun hallara. Kuma tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Daga 1960 zuwa 1963 Sarauniyar Ingila ce shugabar Najeriya, Gwamna Janar na wakiltarta, Tafawa Ɓalewa na riƙe da gwamnati daga cikin majalisa. A Kaduna ma Jihar Arewa majalisa biyu gare ta, ta wakilai da ta sarakuna.

Nasiru: Majalisa ta biyun sai mu aro daga Lesotho: kujera 33, manyan sarakuna 22, naɗaɗɗu 11. Amma a taƙaita musu iko, tunda ba talakawa ne suka zaɓe su ba. A Birtaniya dokokin 1911 da 1949 sun ce majalisar dattawansu, wadda ba zaɓaɓɓiya ba ce, ba ta iya kashe ƙudirin da majalisar wakilai ta zartar. Na kuɗi wata ɗaya za ta iya riƙe shi, sauran kuma kamar shekara guda.

Hadiza: To mu ɗauki ƙudiri ɗaya mu bi shi. A ce harajin rumfunan kasuwa, irin wanda zai taɓa 'yan Kantin Kwari da a nan ne.

Auwalu: Karatu na ɗaya, akawu ya karanta sunansa kawai, a buga a raba. Karatu na biyu a yi muhawara kan manufarsa. Sai kwamiti, kuma nan ne aikin yake. Ana bin sa sashe-sashe, a kira shugabannin kasuwa da jami'an haraji. Wani ya tashi ya ce sashe na 7 ya ce "kowace rumfa", to mai tebur a bakin layi fa, shi ma rumfa ce? In ba a fayyace kalmar nan a kwamiti ba, kotu za ta shekara tana fama da ita. Bayan karatu na uku ya wuce majalisar sarakuna, sannan fada.

Hadiza: Ga shi a gaban sarki, alƙalami a hannu. Ya ce bai yarda ba. Barista, sai yaya?

Nasiru: Nan ne masu rubuta kundi suka fi tuntuɓe, domin suna dogara da cewa sarki zai ji kunya. A Birtaniya rabon da a ƙi sa hannu tun 1708, zamanin Sarauniya Anne, amma al'ada ce ta riƙe su. A Beljiyam kuwa, 1990, Sarki Baudouin ya ce imaninsa bai bar shi ya sa hannu a dokar zubar da ciki ba. Sai da gwamnati ta ayyana cewa ba ya iya mulki, ministoci suka sa hannu, kashegari majalisa ta mayar da shi kan gadonsa.

Auwalu: Luksambak ma ta gamu da irin haka a 2008, har ta gyara kundi ta cire buƙatar amincewar sarkin.

Nasiru: Shi ya sa ni a Tsaunin Gabas zan rubuta ƙarara: kwana 21. Sarki na da damar mayar da ƙudiri sau ɗaya, da dalilinsa a rubuce. In wakilai 61 suka sake amincewa, kakakin majalisa ya sa hannu, ya zama doka.

Hadiza: Me ya hana kashi biyu cikin uku, kamar sashe na 58 na kundinmu na 1999?

Nasiru: Shugaban Najeriya zaɓaɓɓe ne, yana da ƙuri'ar jama'a a bayansa. Sarki ba shi da ita. In kika ce sai 80, to sarki da 'yan adawa 41 sun isa su tsayar da gwamnati cak. Daga ranar ya zama ɗan siyasa, rawaninsa ya shiga rigimar jam'iyya, kuma mutuncin da ake so ya riƙe ƙasa da shi ya zube.

Hadiza: Malam, in gwamnatin ce ta rasa rinjaye?

Auwalu: A bi Sifaniya. Ba a kawo ƙuri'ar rashin amincewa sai da sunan magaji a jikin takardar. Haka aka sauke Firaminista Rajoy a 2018, jagoran adawa Sánchez ya hau a ƙuri'a guda. Sai kuma wa'adi bayan zaɓe, don Beljiyam ta yi kwana 541 ba sabuwar gwamnati tsakanin 2010 da 2011. Mu ce kwana 60: kakaki ya tuntuɓi jam'iyyu, ya kai wa sarki suna ɗaya. In ba wanda ya samu 61, majalisa ta rushe da kanta, a koma akwati, ana biyan albashi da kasafin bara kafin sabuwa ta zauna.