Ƙararrawar da Ba Ta Jiran Izinin Manaja

Hauwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa daga nan Gombe. Yau ina tare da Injiniya Usman, wanda ya daɗe yana aikin lantarki a masana'antu, da kuma Malam Bello, tsohon shugaban leburori a wani kamfanin casar shinkafa. Za mu tattauna kan na'urorin da ke sanar da haɗari a wurin aiki da kansu, ba tare da wani ya danna komai ba. Injiniya, me ya raba su da ƙararrawar da muka saba gani a jikin bango?

Usman: Hajiya, abin da ya raba su shi ne wanda ke yanke hukunci. A da, leburan da ya ga hayaƙi sai ya nemi shugaban aiki, shi kuma ya buga wa manaja waya, kowa yana gudun a ce ya tayar da hankalin jama'a a banza, kuma kafin a gama wannan kai-kawo wuta ta riga ta kama sito. Yanzu kuwa ana haɗa na'urar da ke jin hayaƙi ko zafi ko iskar gas da wani akwati mai ɗauke da layin waya. Da zarar abin ya wuce ma'aunin da aka sa mata, jiniya za ta tashi, akwatin ya tura saƙo ga duk lambobin da aka ajiye masa, a wasu wuraren ma ya kashe inji ko ya rufe bututun gas.

Bello: Ranka ya daɗe, a faɗe abin yana da daɗin ji, amma sana'o'inmu a nan na ƙura ne, tun daga gurzar auduga da casar shinkafa har zuwa siminti a Ashaka, ga kuma hazon hunturu. Inda na yi aiki an taɓa kafa irin wannan na'ura, ta yi ta ihu ba gaira ba dalili har sau uku a mako guda. Rana ta huɗu maigadi ya zare mata waya, kuma babu wanda ya tsawata masa, domin kowa ya gaji.

Usman: Ban ga laifin maigadi sosai ba, Malam Bello, laifin na wanda ya zaɓi na'urar ne. Mai jin hayaƙi ba ta bambanta hayaƙi da ƙura, saboda haka wurinta ofis, a ɗakin inji kuwa mai jin zafi ake sakawa. Sai dai abin da maigadinku ya yi, manyan kamfanoni ma sun yi shi. A shekarar 1988 dandamalin haƙo mai na Piper Alpha da ke Tekun Arewa, kusa da ƙasar Birtaniya, ya kama da wuta, mutum 167 suka rasu. Akwai famfunan kashe gobara da ya kamata su tashi da kansu, amma an mayar da su sai an kunna da hannu saboda masu aikin nutso a ƙarƙashin ruwa, kuma da wutar ta tashi babu wanda ya iya isa gare su.

Hauwa: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. To, idan aka ɗauke wuta fa, ko sabis ya yi rauni?

Usman: Dole akwatin ya kasance da batirinsa, kuma gara a sa masa layuka biyu na kamfanoni daban-daban. Ɗauke wutar ma da nasa haɗarin, domin lokacin ne ake tayar da janareta, kuma hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksayid wadda ba ta da wari ko launi, mutum yana zaune sai jiri da barci su kwashe shi. Hancin ɗan Adam ba ya kama ta, sai na'ura.

Bello: Zan ƙara da abin da injiniyoyi kan manta. Mai aiki kusa da injin casa ba ya jin jiniya, sai an haɗa masa da fitila mai walƙiya. Saƙon kuma a rubuta shi da Hausa, ya ambaci wurin, a ce gobara a siton buhuna, a bi ta ƙofar gabas. Sannan a riƙa duba lambobin, domin na ga jerin da rabin mutanen cikinsa sun bar aiki tuntuni.

Hauwa: Wa ya kamata saƙon ya fara isa gare shi da tsakar dare?

Usman: Maigadi da duk wanda ke kwana a wurin, sannan manaja, kuma dukkansu a lokaci guda. Kiran 'yan kwana-kwana, ko lambar gaggawa ta 112, a ɗora shi a wuyan mutum ɗaya da kowa ya san sunansa, domin idan aka bar wa kowa, kowa zai ɗauka wani ya kira.

Bello: A kuma ba shi kuɗin kati, Injiniya, kada ya tsaya neman aron waya.