Darasi: Yadda ake jera dunƙulen DNA a kan faranti

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu ga yadda ake shirya farantin da ake ɗora DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, a kansa kafin na'ura ta karanta haruffansa, wato A, C, G da T. Na ɗan Adam ya kai haruffa biliyan 3, don haka sai an daddatsa shi gutsi-gutsi, a karanta miliyoyin guntaye a lokaci guda.

Zan ɗauki hanyar kamfanin Complete Genomics na jihar Kalifoniya a Amurka, wanda kamfanin BGI na ƙasar Sin ya saya a 2013. Da farko a haɗa bakin kowane guntu da bakinsa ya zama zobe. Sai a saka wani sinadari mai kwafi, phi29, ya riƙa zagaya zoben yana fitar da kwafi bayan kwafi a zare ɗaya mai tsawo. Zaren nan da kansa yake nannaɗewa ya dunƙule, faɗinsa bai wuce nanomita 300 ba. Ku tuna fa, nanomita miliyan ɗaya ne milimita guda.

To, yanzu farantin. Silikon ne, irin wanda ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi, kuma da haske ake zana masa ɗigo-ɗigo a layi. Kowane ɗigo an shafa masa sinadari mai cajin fozitib, shi kuwa DNA cajinsa nagetib ne, yana zuwa sai ya manne, don caji mabambanta jan juna suke yi, iri ɗaya kuwa korar juna. Tsakanin ɗigon an shafa abin da DNA ba ya kamawa. Wayon da ya fi burge ni shi ne girman ɗigon: daidai dunƙule ɗaya. Wanda ya riga zama ya cika gurbin, na biyu ya zo sai cajin na farko ya kore shi.

Me ya sa ake wannan wahala? Kamar shuka a kunya ne da watsa iri. In an watsa, wani wuri ya cunkushe, wani wuri fayau. Kyamarar na'urar launi take ɗauka, kowane harafi da nasa, in dunƙule biyu suka hau juna launukan sun cakuɗe, karatun wurin ya tafi a banza. Amma in suna kan layi, kwamfuta ta san inda za ta duba tun kafin a ɗauki hoton farko.

A darasi na gaba za mu shiga yadda ake saka launukan. Sai mun haɗu.