Ka sayo ɗan kunkuru? Ga yadda za ka shirya masa wuri

Jama'a sallama. Kun ga wannan ɗan abin da ke kan tafin hannuna ko, ko girman ƙwan agwagwa bai kai ba, to irin kunkurun Sahel ne da masana ke kira sulkata, ɗan yankinmu ne, daga Senegal, Mali, Nijar, Chadi har Sudan. A duniya kaf kunkuru iri 2 ne kawai suka fi shi girma, in ya samu kulawa yana iya wuce kilo 50, ya yi shekara 70 ko fiye, wato dai abin da za ka bar wa 'ya'yanka ne. Shi ya sa nake roƙo kar a ɗauko shi daga daji, yawansu ya ragu sosai, a nemi wanda aka ƙyanƙyashe wajen mai kiwo.

Farko ka tabbatar kunkuru ne ba kififiya ba. Kififiya ta ruwa ce, shi ko in ka jefa shi rijiya ko randa nutsewa zai yi.

To wurin zama. Don Allah banda tayil, banda siminti, santsi na lalata masa ƙafa. Ka ware masa kusurwa a tsakar gida mai ƙasa, inda hantsi ke sauka kuma akwai inuwa. Ka kewaye da bulo, ba raga ba, don in yana hango waje wuni zai yi yana tunkuɗa, kuma ka nutsa bulon kamar kamu ɗaya cikin ƙasa saboda gwanin haƙa ne, a daji rami mai zurfi yake yi ya ɓuya daga zafin bazara. Ku duba nan, tsohuwar tukunyar ƙasa ce na fasa gefenta na kife, na ɗan yayyafa ruwa a ƙasan, nan yake shiga in rana ta take. Yana ƙarami ka rufe sama da raga saboda shaho da ɓera da kyanwa.

Hasken rana ba wasa ba ne, da shi jikinsa ke sarrafa sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, wanda aka kulle a ɗaki bayansa laushi yake yi. Amma da hunturu, daren da sanyi ya yi tsanani, ka shigar da shi kwali da busasshiyar ciyawa.

Abinci kuma nan ne muke cutar da shi da sunan so. Ragowar tuwo, shinkafa, burodi, nama, duk ba nasa ba ne, suna sa bayansa ya yi tudu-tudu kuma su wahalar da ƙodarsa. Ciyawa ce cimarsa, ƙiri-ƙiri da makamantanta wadda ba a yi wa feshi ba, sai ganyen kabewa ko na kuɓewa, kankana kuwa jifa-jifa. Ka daka ɓawon ƙwan da aka dafa ka barbaɗa masa sau 2 a sati. Faranti mara zurfi na ruwa kullum, ƙarami kuma ka zaunar da shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi iya haɓarsa na minti 15.

Abin da ya fi ci min rai, masu huda bayansa su ɗaura igiya. Wallahi ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, da jini da jijiya, yana jin zafi. In kuma ka tarar ya kife ka juya shi nan take, rana na iya kashe shi a haka. Ka ga majina a hanci ko ido ya kumbura ya daina ci, kai shi wajen likitan dabbobi. Yara sun taɓa shi, su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.