Teburin Hanyoyi: Wa Zai Gaya Maka Yadda Yake Jiya?

Assalamu alaikum. Na can baya kuna ji na? To, madalla. An ce in yi magana a kan yadda ake kwashe teburin hanyoyi na netwok ɗin girgije, wato kwamfutocin da ake haya ta intanet a wurin kamfanoni irin su Amazon, a zuba shi a ma'adana, ba da hannu ba, da ɗan shirin kwamfuta da zai riƙa yi da kansa. Abu huɗu na rubuto a takarda.

Na farko, don kada mu bar kowa a baya. Teburin hanyoyi jeri ne kawai: saƙon da ya nufi adireshi kaza, a miƙa shi ƙofa kaza. Wani layi ya ce 10.0.0.0/16 ya bi nan, wani ya ce 0.0.0.0/0, wato duk wanda ba a san gidansa ba, ya fita ta can. In layi biyu suka yi jayayya a kan saƙo guda, wanda ya fi ƙuntata adireshin shi ke da nasara, /24 ya kayar da /16. A Amazon kowane VPC, wato keɓantaccen netwok ɗinka a girgijensu, yana da teburinsa. Transit Gateway kuma, wanda suka fito da shi ƙarshen 2018 don ya haɗa VPC masu yawa da ofisoshi wuri guda, shi ma yana da nasa. Wannan kun sani, mu wuce.

Na biyu shi ne dalilin kwashewar, kuma nan zan ɗan zauna, ku yi mini haƙuri. Hanyoyin da ke cikin teburin nan iri biyu ne. Akwai wadda mutum ya rubuta da hannunsa, tana nan daram sai wani ya goge. Akwai kuma wadda ta shigo da ƙafarta ta BGP, yaren da na'urorin netwok ke shelanta wa juna hanyoyi da shi, wato na'urar da ke ɗaya bakin VPN ko Direct Connect, layukan da ke haɗa ofis da girgije, ta yi shela cewa ga adireshin da ke wajenta, teburinka ya ji ya rubuta. Ita ta farkon ba ta da ruɗu. Duk wanda ya taɓa ta, CloudTrail, littafin da Amazon ke rubuta wanda ya yi me, ya rubuta sunansa da lokacin da ya taɓa, gobe ba zai iya rantsuwa ba. Ta biyun fa? Ran da na'urar can ta yi shiru, hanyar sai ta ɓace daga teburinka. Ba wanda ya danna komai, ba wanda ya ba da umarni, saboda haka babu sunan kowa a littafi. Ku riƙe wannan. Teburin yana sauyawa ba tare da hannun mutum ba.

To ka buɗe allon sarrafawa ka duba. Me zai nuna maka? Yanzu. Yanzu kaɗai ya sani. Ka tambaye shi ƙarfe biyu na daren jiya yaya teburin yake, ba shi da amsa.

Mu ɗauka haka ta faru. Tsakar dare manhajarku ta kasa isa rumbun bayanai da ke ofis. Waya ta tashe ka, kafin ka wanke ido ka kunna kwamfuta layin ya dawo, hanyar ta dawo, teburi tsaf kamar ba a yi komai ba. Da safe shugaba ya tara ku ya ce, me ya faru? Ka ce, ranka ya daɗe, ya gyaru da kansa. (Dariya.) Na ga wasu na kallon ƙasa, ashe kun taɓa faɗa. Ai abin da ya gyaru da kansa, yana nan dawowa da kansa. Amma da akwai hoton teburin na ƙarfe ɗaya da na ƙarfe biyu a ajiye, sai ka jera su gefe da gefe, ka ce ga layin da ya ɓace, ga ƙofar da yake bi, a kira masu wancan ɓangaren. Magana ta ƙare cikin minti biyar.

Bari in ɗan kauce, zan dawo. Kun tuna 4 ga Oktoba 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke wajen awa shida? Wani umarni aka bayar lokacin aikin gyara ya yanke babbar hanyarsu ta ciki, sabobinsu na DNS, masu fassara sunan shafi zuwa adireshi, suka janye shelarsu ta BGP, duniya ta nemi hanyar zuwa wurinsu ta rasa. Abin da nake so ku lura da shi: mutanen waje sun ga janyewar tun kamfanin bai buɗe baki ba. Me ya sa? Saboda akwai masu sauraron BGP na intanet dare da rana suna ajiyewa. RouteViews na Jami'ar Oregon yana ajiye cikakken teburi duk bayan awa biyu, RIPE ma a Turai suna da irin nasu. Intanet tana da masu ɗaukar mata hoto. Naka netwok ɗin na ciki fa, babu wata jami'a da za ta yi maka. In ba ka ɗauka ba, ba a ɗauka ba.

Kuma ba ɓacewa kaɗai ba. Wani ya sa hanya da hannu don gwaji ya manta da ita. In ta yi karo da ta BGP a kan adireshi iri ɗaya, ta hannun ce ke rinjaye, saƙonni su yi ta bin inda ba a nufa ba. Ko a goge NAT Gateway, ƙofar da injinan ciki ke bi su fita intanet, a bar layin da ke nuna shi. Layin ba ya tafiya, sai dai a yi masa alamar blackhole, duk abin da ya biyo ta nan ya faɗa rami. Yaushe ya koma haka? Hotunan da ka ajiye ne za su gaya maka.

Na nawa muke? Na uku ko? Shugaban taro yana nuna mini agogo, to bari mu yi gudu.

Yadda ake yi. In Transit Gateway ne, Amazon sun hutar da kai. Akwai umarni guda, export-transit-gateway-routes. Ka ba shi lambar teburin da sunan bokitinka na S3, wato ma'adanar fayiloli ta Amazon, ya rubuta fayil ɗin JSON a can, ya dawo maka da adireshin fayil ɗin. Wani zai ce ai akwai search-transit-gateway-routes. Akwai, amma kira ɗaya ba ya wuce hanya 1,000, alhali Transit Gateway yana ɗaukar 10,000 tun kafin ka nemi ƙari. In ba ka duba alamar AdditionalRoutesAvailable ba, za ka ajiye guntun teburi kana murna. Teburin VPC kuwa ba shi da irin wancan umarnin. Sai ka kira describe-route-tables, ka bi shafi-shafi har NextToken ya ƙare, ka rubuta a bokitin da kanka. Kowane yanki daban, kowane asusu daban, kada ka yi na yanki ɗaya ka ce ka gama. Sai ka ɗora shirin a Lambda, inda Amazon ke gudanar maka da ƙananan shirye-shirye, agogonsu na EventBridge ya riƙa tashinsa a kan lokaci. Lambda ba ya wuce minti 15, in asusunku na da yawa ku rarraba aikin. In aka ce maka RequestLimitExceeded, wato kiranka ya yi yawa, ka jira ka sake, kada ka yi ta ƙwanƙwasawa.

Na huɗu, abu biyu da sauri. Kafin ka kwatanta fayil biyu, ka jera layukan bisa adireshi, jq, ɗan shirin sarrafa JSON, zai yi maka, in ba haka ba duk sauyin jeri zai zama ƙararrawa, mako guda kowa ya daina sauraro. Sannan bokitin nan taswirar gidanku ce, a kulle shi, a kunna ajiyar tsoffin kwafi, in da hali a sa shi a wani asusu daban. Girgijen Azure na Microsoft da na Google, ba lokaci. A Azure dai ku sani show-effective-route-table ba ya amsawa sai injin yana kunne. A Google, gcloud compute routes list ba zai nuna muku na BGP ba, sai kun tambayi Cloud Router, mai kula da BGP a can.

Na'am, Malama, ga makirufo nan.

Tambayarta ita ce, su komai nasu a Terraform yake, wato shirin da ake rubuta masa tsarin netwok ya gina, an ajiye a Git, mai riƙe tarihin sauye-sauyen fayil, shin ba su riga sun mallaki tarihin teburin ba? Malama, kin taɓo inda ya kamata in fara. Abin da ke Git niyyarku ce, abin da kuka ce a yi. Hanyoyin BGP ba sa ciki, domin ba ku kuka rubuta su ba. Ke dai kin rubuta cewa a bar su su shigo, amma waɗanne ne suka shigo daren jiya, Terraform bai sani ba. Wanda kuma ya shiga allo tsakar dare ya ƙara layi da hannu, in kuna rubuta kowace hanya a matsayin abu mai zaman kansa, terraform plan ba zai ma ga baƙon layin ba, don ba shi ya haife shi ba. Saboda haka ki haɗa su. Ki sa shirin ya ɗauko fayil ɗin da aka kwashe, ya ware na hannu, ya gwada su da abin da ke Git. Duk layin da ke teburi ba ya Git, a turo muku saƙo da lambar teburin da adireshin. Na BGP kuma a gwada su da hoton da ya gabata. Ki fara da teburi guda, wanda ke fuskantar VPN ɗinku, duk bayan minti goma sha biyar. Akwai wata tambayar? An ce lokaci ya yi.