Su Wane Ne Masu Kula da Ƙasar Karkara, kuma Ta Wace Ƙofa Suka Shigo?

Wannan lacca an gabatar da ita ne a Samaru, Zariya, a gaban ɗaliban aikin gona da na gandun daji, kuma an rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam shugaban zama, iyayena malamai, abokan aiki, da ƙannena ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da wannan lokaci. An nemi in yi magana a kan mutanen da suke aikin kiyaye ƙasar karkara, wato gonaki da fadamu da dazuzzuka da wuraren kiwo, in faɗi su wane ne, me suka karanta, da kuma yadda suka tsinci kansu a cikin wannan aiki. Na san abin da ya kawo tambayar, domin da yawa daga cikinku sun kusa kammala karatu, kuma a gida an fara tambayar inda takardar za ta kai su.

Aikin nan ya girmi takardar shaida. A ƙasar Zazzau, manomin da ya fita sassabe ba ya sare ɗorawa ko kaɗanya ko kuka ko tsamiya, saboda ya san kalwa da man kaɗe da miyar gidansa daga gare su suke fitowa, kuma yakan bar gamba a kan iyaka domin ta riƙe ƙasa, ta kuma ba shi abin zana. Dagaci da mai unguwa su ne suka san inda gonar wane ta ƙare, da inda burtali ya ratsa, ardo kuwa shi ne ya san mashaya da lokacin da ya halatta a saki shanu. Idan kaka ta wuce, manomi yakan roƙi Bafulatani ya sauka a gonarsa domin taki, ya saka masa da dami. Babu wanda ya kira waɗannan mutane ma'aikatan muhalli, amma a hannunsu ƙasar take.

Masu albashi sun zo ne daga baya. A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a nan Samaru, a 1928 aka buɗe gonar dabbobi ta Shika, sannan a 1962 tashar Samaru ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A wancan zamani ne ƙauyuka suka saba da mutane biyu, malamin gona da malamin daji. Malamin gona yana zuwa da iri da shawara, ana shimfiɗa masa tabarma. Malamin daji kuwa, a wurare da yawa, abin da aka fi tunawa da shi shi ne ƙwace gatari da cin tara. Ba na ɗora wa mutumin laifi, domin dokar da aka ba shi ke nan, amma sakamakon ya yi muni: manomin da ya san cewa itace idan ya girma a gonarsa zai jawo masa tuhuma, tun yana tsiro zai sa fartanya ya kawar da shi. Ku riƙe wannan, domin za mu sake cin karo da shi.

Mutane biyu da suka yi aiki a wannan jami'a sun sauya yadda duniya take kallon manominmu, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya karanta gandun daji ko ilimin ƙasar noma. David Norman masanin tattalin arziki ne, wanda a tsakiyar shekarun 1960 ya jagoranci bincike a ƙauyuka uku na kewayen Zariya, wato Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, inda ma'aikatansa suka riƙa bin magidanta suna rubuta aikin da aka yi a gona da abin da aka girba. A lokacin ana ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya alama ce ta rashin wayewa. Lissafin ya nuna akasin haka, domin haɗin yana rage asara idan damina ta yi gardama, kuma ya dace da ƙarancin hannu a lokacin noman farko, sa'ad da kowa yake gonarsa. Michael Mortimore kuma malamin labarin ƙasa ne, wanda ya koyar a nan daga 1962 zuwa 1979 kafin ya koma Jami'ar Bayero, kuma ya nuna cewa ƙauyukan kewayen Kano, duk da cunkoson jama'a, sun riƙe ƙarfin gonakinsu ta hanyar takin dabbobi da sharar birni da ake kaiwa a mangala, sun kuma riƙe itatuwansu. Abin da ya haɗa waɗannan mutane biyu shi ne sun zauna sun saurari mai gona kafin su yanke masa hukunci.

Mu ƙetara iyaka zuwa Maraɗi. Tony Rinaudo mutumin Ostireliya ne da ya karanta aikin gona, ya zo Nijar a farkon shekarun 1980 da niyyar dasa itatuwa, kuma mafi yawan abin da ya dasa rana da iska da awaki suka gama da shi. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da ke warwatse a gonaki, waɗanda ake ɗauka ciyayi ne marasa amfani, tofon kututturan itatuwan da aka sare ne, kuma saiwoyinsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aikin da ya koya wa manoma ba ya bukatar gandun reno ko jarkar ban ruwa. Mutum zai tsuguna gaban kututturen kalgo ko sabara ko gawo, ya zaɓi rassa uku zuwa biyar da suka fi ƙarfi da miƙewa, ya sa wuƙa mai kaifi ya cire sauran, ya rage ƙananan rassan gefe, sannan ya hana dabba da wuta isa wurin. Amma dabarar ba ta bazu sosai ba sai da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata cewa itacen da ya rena nasa ne, ba na malamin daji ba. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram.

Wani misalin kuma shi ne Yacouba Sawadogo na lardin Yatenga a Burkina Faso, wanda bai yi karatun boko ba, kuma kasuwanci yake yi kafin fari ya sa ya koma gona. Ya ɗauki tsohuwar dabarar haƙa ƙananan ramuka a fako, ya faɗaɗa su, ya riƙa haƙa su tun da rani yana zuba taki a ciki, sai gara ta biyo takin ta huda ƙasar, ruwan sama ya samu hanyar shiga. Da haka ya mayar da fili maras amfani daji mai kusan hekta 40. Shi da Rinaudo an karrama su da lambar yabo iri ɗaya a ƙasar Suwidin a 2018, kuma Sawadogo ya rasu a 2023. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a labarinsa shi ne, da gari ya faɗaɗa, an fara yanka filaye a cikin dajin da ya raya, domin ba shi da takardar mallaka. Mutum ya san ƙasa sarai, amma bai samu lauya da safiyo a kusa da shi ba tun da wuri.

Wannan ya kawo mu ga ƙofofin da ke gabanku yau. Tsofaffin suna nan: kwalejin aikin gona ta Samaru, kwalejin gandun daji ta Jos da ta Afaka, tashar binciken gandun daji da ke nan Samaru, da ma'aikatun jihohi. An ƙara da hukumar babbar ganuwar itatuwa, mai dasa itatuwa domin tare hamada, da aka kafa da doka a 2015, wadda take aiki a jihohi 11 na bakin hamada, kuma Kaduna ba ta cikinsu. Akwai kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, mai dala miliyan 700, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Irin waɗannan shirye-shirye suna ɗaukar masanin ƙasar noma da masanin itatuwa, amma suna neman injiniyan da zai tare zaizaya, da mai zana taswira daga hotunan tauraron ɗan Adam, da akanta, da wanda ya iya sasanta manomi da makiyayi. A ganina, wanda ya fi ƙaranci a cikinsu shi ne wanda ya fahimci mallaka. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ba da izinin filayen karkara, dokar wuraren kiwo ta Arewa kuwa tun 1965 take, amma a ƙauye gado da aro da jingina da haya su ne suke aiki. Wanda ya karɓi aron gona ba zai dasa itace ba, ko da kun kai masa kyauta, domin mai gonar zai ga kamar ana shirin ƙwace masa ita. Idan ba ku tambayi wannan ba kafin ku sauke dashe daga mota, kun yi aikin baban giwa.

Ba zan ɓoye muku wahalar ba. Yawancin ayyukan shirye-shirye na kwangila ne, suna ƙarewa idan kuɗin ya ƙare, albashin jiha kuwa kun san yadda yake. Wasu dazuzzukan, irin na Kamuku a Birnin Gwari, rashin tsaro ya sa shigarsu ta zama kasada ga ma'aikaci. Ƙannena mata, ku ne kuka fi samun fili, domin matan ƙauye su ne masu itacen girki da kalwa da kaɗe, kuma a gidaje da yawa namiji baƙo iyakarsa zaure, ke kuwa za ki shiga har tsakar gida ki ji wane itace ne ya fara wuya, da nisan da yara suke tafiya kafin su samo shi.

Malam shugaban zama, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya cika, saboda haka zan dakata a nan domin a yi tambayoyi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.