USS Edsall: Aikin Wani Jirgin Yaƙin Amurka Tsakanin Yaƙoƙin Duniya Biyu

Masu kallonmu, barkanku da wannan lokaci. A yau za mu bi sawun wani jirgin ruwan yaƙi na Amurka mai suna USS Edsall, tun daga shigarsa aiki a 1920 har zuwa lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya riske shi a gabashin Asiya. An tsara ƙera shi ne domin yaƙin da ya riga ya ƙare kafin a fara haɗa ƙarafansa, kuma mafi yawan rayuwarsa ya yi ta ne a shekarun da ake kira na zaman lafiya, inda ya yi aikin da ya fi dacewa a tuna shi da shi ba tare da bindigoginsa sun yi magana ba.

Edsall jirgi ne irin wanda ake kira distiroya, wato ƙaramin jirgin yaƙi mai saurin gaske, wanda aikinsa shi ne raka manyan jirage, da kai farmaki da makamin tofido mai tafiya a cikin ruwa, da farautar jiragen ƙarƙashin teku. Bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko a 1917, jiragen ƙarƙashin teku na Jamus sun addabi tekun Atlantika, sai gwamnati ta ba da kwangilar ƙera irin waɗannan jirage ba ƙaƙƙautawa. Aka tsagaita wuta a Nuwamba 1918, amma masana'antu suka ci gaba da aiki, har aka kammala guda 273 masu kama da juna, waɗanda 156 daga cikinsu samfurin Clemson ne. Edsall yana cikin waɗannan. Kamfanin William Cramp na birnin Filadelfiya ya fara ƙera shi a Satumba 1919, aka saka shi a ruwa a Yuli 1920, ya shiga aiki ranar 26 ga Nuwamba na wannan shekara. Sunan da ya ci na wani ƙaramin sojan ruwa ne, Norman Edsall, wanda aka kashe a tsibirin Samowa a 1899 yana ƙoƙarin ɗauke hafsansa da ya ji rauni.

Wanda ya hango shi daga nesa, abin da zai fara gani shi ne dogayen bututun hayaƙi guda huɗu a jere. Tsawonsa ya kai kimanin mita 96, faɗinsa bai cika mita 10 ba, nauyinsa kuma kusan tan 1,200 ne. Yana ɗauke da manyan bindigogi huɗu masu baki inci 4, da bututun harba tofido 12, da bindigar kakkaɓo jiragen sama guda ɗaya tak, abin da ke nuna yadda ba a ɗauki jirgin sama wata barazana ba a wancan zamani. Yana iya gudun kilomita 65 a sa'a guda. Sai dai siririn jikin da ya ba shi wannan gudu ya sa yana tangaɗi ƙwarai idan teku ta tashi, ruwa yana wanke gabansa, kuma ma'aikatansa sama da 100 suna kwana ne cikin ƙunci da zafin tukwanen tururi.

Shekararsa ta farko ya yi ta yana atisaye a gaɓar yammacin Amurka, kusa da San Diego. A 1922 manyan ƙasashe suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Washinton ta rage ƙarfin sojan ruwa, majalisar dokoki ta tsuke bakin aljihu, aka ɗaure da yawa daga 'yan'uwansa a tasoshin San Diego da Filadelfiya, wasu ma ba su daɗe da fitowa daga masana'anta ba. Edsall ya tsira daga wannan zaman kashe wando saboda ana buƙatarsa a Bahar Rum. Ya bar Amurka a ƙarshen Mayu, ya isa Santambul ranar 28 ga Yuni 1922.

Ya tarar da Daular Usmaniyya tana kan gargara. Sojojin Birtaniya da Faransa da Italiya suna riƙe da Santambul, rundunar Girka tana cikin Anatoliya, wato ɓangaren Turkiyya da ke nahiyar Asiya, tun 1919, Mustafa Kemal kuma yana jagorantar 'yan kishin ƙasa daga Ankara. Amurka ba ta taɓa shelanta yaƙi a kan Turkiyya ba, amma dangantakar jakadanci ta yanke tun 1917, saboda haka babban wakilinta a Santambul sojan ruwa ne, Admiral Mark Bristol, jiragen da ke ƙarƙashinsa kuma su ne 'yan aikensa. Suna kai wasiƙu, suna isar da saƙonnin rediyo tsakanin tasoshin Bahar Aswad, suna jigilar ma'aikatan agaji, har da masu kai abinci Rasha inda yunwa ta yi ɓarna, suna kuma sa ido kan dukiyar kamfanonin man fetur da na taba na Amurkawa.

A ƙarshen Agusta 1922 rundunar Girka ta karye, ta juya da baya zuwa gaɓar teku, dubban ɗaruruwan fararen hula Girkawa da Armeniyawa suka biyo ta zuwa birnin Simirna, wanda yau ake kira Izmir. Sojojin Turkiyya suka shiga birnin ranar 9 ga Satumba, ranar 13 ga wata kuma gobara ta tashi, ta cinye unguwannin Armeniyawa da na Girkawa da na Turawa. Har gobe masana tarihi suna jayayya kan wanda ya kunna wutar, ko da yake yawancin shaidun gani da ido na ƙasashen waje sun ɗora alhakin a kan sojojin Turkiyya, su kuma Turkawa suna musantawa. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne halin da jama'a suka shiga a kan doguwar gaɓar birnin, gaba kura baya sayaki, wuta tana bin su ta baya, teku tana gabansu, jiragen yaƙin ƙasashe daban-daban kuma suna tsaye a cikin tashar da umarnin kada su tsoma baki. Umarnin da Bristol ya bai wa nasa jiragen shi ne su kare rayuka da dukiyar Amurkawa kawai, domin yana ganin makomar kasuwancin Amurka tana tare da sabuwar gwamnatin Ankara. A ganinmu wannan lissafi ne na mai zaune a ofis, kuma hafsoshin da ke kallon abin da idonsu ba su iya tsayawa a kansa ba.

Cikin daren gobarar jiragen Birtaniya da na Amurka suka sauke ƙananan kwale-kwale suna kwasar mutane. Ranar 14 ga Satumba Edsall ya karɓi 'yan gudun hijira 607 daga wani jirgin Amurka mai suna Litchfield, ya tsallaka da su zuwa Salonika a Girka. Ku ƙiyasta abin da wannan adadi yake nufi a jirgin da faɗinsa bai kai mita 10 ba. Babu ɗakunan fasinja, babu inuwar kirki, rabin filin saman jirgin kuma bututun hayaƙi da bindigogi da bututun tofido sun cinye shi, ga mutane sun ninka ma'aikatan jirgin kusan sau shida, kuma ɗan ƙaramin ɗakin girkin da aka yi domin mutum 100 shi zai ciyar da kowa.

Ranar 16 ga wata ya komo Simirna, kwamandansa Halsey Powell ya zama babban hafsan Amurka a tashar. A nan ne aikin ya ɗauki wani salo. Hukumomin Turkiyya sun ba da wa'adi zuwa ƙarshen Satumba a kwashe mata da yara da tsofaffi, maza 'yan shekara 18 zuwa 45 kuwa aka riƙe su a matsayin fursunonin yaƙi, aka tura su cikin ƙasa, da yawansu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Matsalar ita ce babu jiragen da za su ɗauki jama'ar. Jiragen fatake na Girka suna tsibirin Lesbos, a tashar Mitilini, suna tsoron idan sun shigo za a ƙwace su. Wani ma'aikacin ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA, Ba'amurke mai suna Asa Jennings, wanda ba shi da wani muƙami na gwamnati, shi ya matsa wa gwamnatin Girka lamba ta wayar tangaraho har ta saki jiragen, Powell kuma ya samo amincewar Turkawa cewa jiragen za su iya shigowa matuƙar ba su ɗaga tutar Girka ba, jiragen yaƙin Amurka suna yi musu rakiya. Ayarin farko ya shigo ranar 24 ga Satumba. Sojojin ruwan Amurka da na Birtaniya suka tsaya a gadar tashar jirgin ƙasa da ta miƙe cikin teku, suna tsara layi, suna ɗaukar yara da marasa lafiya a hannu zuwa cikin jirage, kuma kafin aikin ya ƙare an kwashe mutane sama da 150,000. A watan Oktoba shi kansa Edsall ya yi jigilar wasu zuwa Mitilini.

Ya ci gaba da zirga-zirga a yankin kusan shekara biyu, yana leƙa tasoshin Bulgeriya da Rasha da Girka da Masar da Falasɗinu da Siriya da Tunisiya da Italiya. A cikin wannan lokaci aka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ta Lausanne da Turkiyya a Yuli 1923, aka kafa Jamhuriyar Turkiyya a Oktoba, aka soke halifanci a Maris 1924. A Yuli 1924 ya isa Boston domin gyara.

A Janairu 1925 aka tura shi rundunar Amurka ta Asiya, ya isa Shangai ranar 22 ga Yuni, makonni uku bayan 'yan sandan yankin da baƙi ke mulki a birnin sun harbe masu zanga-zanga, lamarin da ya tayar da yajin aiki da ƙyamar baƙi a ƙasar Sin. A nan dole a faɗi ɗaya fuskar aikin. Ikon da jiragen yaƙin ƙasashen waje suke da shi na shiga kogunan Sin ya samo asali ne daga yarjejeniyoyin da aka tilasta wa ƙasar tun ƙarni na 19, don haka jirgin da ya zama mafita ga ɗan gudun hijira a Simirna, a idon ɗalibin Shangai alama ce ta danniya. A Maris 1927, lokacin da sojojin Chiang Kai-shek, jagoran 'yan kishin ƙasar Sin, suka shiga birnin Nankin aka kai wa baƙi hari, 'yan'uwansa biyu, Noa da William B. Preston, tare da wani jirgin Birtaniya, sun yi wa wani sashe na birnin ruwan wuta.

Rayuwar yau da kullum ba ta kai haka zafi ba. Da sanyi rundunar takan sauka Manila a ƙasar Filifin domin gyara a Cavite da atisayen harbi, da bazara ta haura arewa zuwa Chefoo a gaɓar Sin, babban jirgin gyara mai suna Black Hawk yana biye da ita da kayan aiki. Tsakanin haka Edsall yakan je Hankow, kusan kilomita 1,000 a cikin kogin Yangtze, ko Hong Kong, ko Kobe a Japan, ko Bankok. Haka ya yi ta yi shekara 16.

Yana wannan kai-komo duniya ta wuce shi. A 1928 Japan ta fito da samfurin Fubuki, mai bindigogi shida masu baki inci 5 a cikin rufaffun hasumiyoyi, da tofido mafi girma. Amurka kuwa, ganin tana da ɗaruruwan jirage a ajiye, ba ta sake shigar da sabon distiroya aiki ba sai a 1934, lokacin da samfurin Farragut ya fito. Wajen 1930 an sallami gommai daga cikin tsofaffin saboda tukwanen tururinsu samfurin Yarrow sun lalace, Edsall bai faɗa cikinsu ba, amma sababbin jiragen da aka ƙera an riƙe su a rundunonin gida, aka bar rundunar Asiya da tsofaffi. Ko bayan da yaƙi ya ɓarke tsakanin Sin da Japan a 1937, jiragen saman Japan suka nutsar da ƙaramin jirgin Amurka Panay a kogin Yangtze a Disamba na wannan shekara, ba a sauya wannan tsari ba. A 1940 Amurka ta miƙa wa Birtaniya 50 daga irin waɗannan jirage a musayar sansanonin soja, a ƙarshen 1941 kuma distiroya 13 ne Admiral Thomas Hart, kwamandan rundunar Asiya, yake da su, dukkansu masu bututu huɗu.

Harin da Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor a Disamba 1941 ya sami Edsall a yankin Borneo. Ya taya neman waɗanda suka tsira daga jiragen Birtaniya Prince of Wales da Repulse waɗanda Japan ta nutsar, a Janairu 1942 yana cikin jiragen da suka kai wa wani jirgin ƙarƙashin teku na Japan farmaki kusa da Darwin a Ostareliya, a ƙarshen Fabrairu kuma ya ceto mutum 177 daga jirgin Amurka mai suna Langley da jiragen saman Japan suka lalata. Ranar 1 ga Maris 1942, a kudancin tsibirin Java, ya yi kiciɓis shi kaɗai da manyan jiragen Japan Hiei da Kirishima da Tone da Chikuma. Kwamandansa Joshua Nix ya yi ta kauce-kauce cikin hayaƙi sama da sa'a guda, harsasai fiye da 1,000 suka wuce shi, sai da aka turo jiragen sama suka gurgunta shi da bama-bamai kafin bindigogi su nutsar da shi. 'Yan kaɗan da aka tsamo daga ruwa an kashe su daga baya a tsibirin Sulawesi. Rundunar sojan ruwan Ostareliya ta gano ɓaraguzan jirgin a 2023, aka sanar da hakan a Nuwamba 2024.