Littattafan Rasha ne suka hana ni tafa wa yaƙin Rasha

Assalamu alaikum jama'ar gida, musamman mutanenmu na ƙasar Auyo da Kafin Hausa da sauran ƙauyukan fadamar Hadejia. Daga birnin Tibilisi na ƙasar Jojiya nake magana, kuma raina a ɓace yake, domin wani ɗan bidiyo da ƙanena ya turo mini daga teburin mai shayin garinmu ya hana ni sukuni. Samari ne suka yi cincirindo a kan waya ɗaya, suna kallon wani dogon bene yana cin wuta a birnin Kharkiv na ƙasar Yukren, suna tafi suna sowa kamar a gidan kallon ƙwallo an zura wa abokan hamayya ɗaya a raga. Da na rubuta a zauren WhatsApp na garinmu cewa wannan gidan kwanan mutane ne, ba barikin soja ba, sai Baffana ya aiko da dogon saƙon murya yana cewa zaman Turai ya juya mini kai, kuma yana mamakin yadda yaron da ya cika ɗakinsa da littattafan Rasha zai buɗe baki ya soki Rasha.

Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ba ja-in-ja nake so in yi da kai a gaban yara ba. Amma tambayarka ta cancanci cikakkiyar amsa, kuma na san akwai mutane da yawa a gida da ke da irin ra'ayinka.

Na san inda son Rasha ya samo asali a wajenmu. Mun ga abin da Amurka ta yi wa Iraƙi a 2003 a kan makaman da ba a taɓa samu ba. Mun ga yadda ƙungiyar NATO ta taimaka aka rusa Libiya a 2011, makamai suka malalo cikin Sahel har suka iso dazukanmu. Muna ganin Gaza. Da sojoji suka kifar da Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi aka rufe iyaka, kasuwar Maigatari ta yi sanyi, 'yan uwanmu na tsallake suka zauna babu wutar lantarki, kuma kowa ya ɗauka cewa da hannun Faransa a ciki. Saboda haka ban yi mamaki ba da na ga tutar Rasha a titunan Kano lokacin zanga-zangar Agustan 2024. Ni kaina ina da nawa ƙorafin a kan Turawa. A tashar jirgin ƙasa, lokacin da muke gudu daga yaƙin Yukren, na ga ana cewa mata da yara su fara shiga, sannan na ga an sa hannu an mayar da 'yan mata baƙar fata baya kamar su ba mata ba ne. Abin ya kai har Tarayyar Afirka ta fitar da sanarwar nuna damuwa a ƙarshen Fabrairun 2022. Ba zan manta da wannan ba, kuma babu wanda zai sa in manta.

Amma a Kharkiv nake karatun likita ranar 24 ga Fabrairun 2022 da Rasha ta afka wa Yukren, kuma abin da idona ya gani ba a waya na gan shi ba. Birnin bai fi nisan kilomita 40 daga iyakar Rasha ba, kuma yawancin mutanensa da harshen Rashanci suke magana a gida da kasuwa. A cikin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa muka kwana, ɗaruruwan mutane a shimfiɗe a kan daɓen dutse mai sanyi. Kusa da ni tsohuwar da nake haya a gidanta ce, malamar makaranta da ta yi ritaya. Bargo ɗaya ta ɗauko, da kyanwarta a cikin jakar cefane, da fulas ɗin shayi wanda take zuba mini a murfinsa kafin ita ta sha. Na ji ta da kunnena tana waya da ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya da ke zaune a Belgorod, cikin Rasha, tana cewa ga shi ƙasa na girgiza a kanmu, ƙanwar kuwa tana amsa mata cewa talabijin ya ce ba a taɓa farar hula. Tsohuwar ta kashe wayar, ta daɗe tana shafa kan kyanwar ba ta ce uffan ba. Irin waɗannan mutane ne a cikin benen da yaranmu ke yi wa tafi.

Ita wannan tsohuwa ce ta fara ɗora mini littattafan Tolstoy, shahararren marubucin Rasha, a hannu, don in gyara Rashancina, kuma ba alfahari ba, yau ina karanta shi ba tare da ƙamus ba. Littattafaina na can na baro su. A nan Tibilisi na sake haɗa su ɗaya bayan ɗaya daga kasuwar tsofaffin kaya da ke kan wata gada, inda tsofaffi ke shimfiɗa littattafan zamanin Tarayyar Sobiyet a ƙasa. Lari goma, kuɗin Jojiya, na sayi wanda na fi so, kuɗin da bai kai na cin abincin rana a gidan abinci ba. Sunansa Haji Murad, kuma shi nake so Baffa ya ji labarinsa.

Haji Murad mutum ne na gaske, Musulmi ɗan ƙabilar Avar daga Dagistan, ɗaya daga cikin manyan mayaƙan Imam Shamil wanda ya shafe shekara 25 yana yaƙar daular Rasha a duwatsun Kaukasus. Ya saɓa da Shamil, ya miƙa kansa ga Rashawa a ƙarshen 1851, aka kawo shi wannan birni da nake zaune wurin gwamna Vorontsov, wanda fadarsa tana nan tsaye a bakin babban titin Rustaveli, ina wuce ta a kan hanyata ta zuwa asibiti. Iyalinsa suna hannun Shamil, Rashawa kuma suna ta jan shi da alkawari, sai ya tsere a 1852, aka bi shi aka kashe, aka sare kansa. Lokacin da aka kawo shi birnin nan, Tolstoy yana saurayi ɗan shekara 23, yana nan Tibilisi yana neman shiga soja. Sai da ya tsufa, tsakanin 1896 da 1904, ya rubuta labarin, kuma ba a buga shi ba sai a 1912, bayan rasuwarsa.

A babi na 17 akwai shafi biyu da duk lokacin da na karanta sai jikina ya yi sanyi. Sojojin Rasha sun afka wa wani ƙauyen Ceceniya sun wuce, mai gida ya dawo ya tarar rufin ɗakinsa ya rufta, an ƙone musu tarin ciyawar dabbobi da amyoyin zuma, an kakkarya itatuwan marmarin da dattijon gidan ya dasa da hannunsa, an kawo gawar ɗansa bakin masallaci da sukar banati a baya. An ƙazantar da maɓuɓɓugar da suke ɗiban ruwa, an ƙazantar da masallacin, liman da almajiransa suna wankewa. Barashe ne ya rubuta wannan, ɗan sarauta, tsohon hafsan sojan da ya yi irin wannan samame da kansa, kuma masu tace littattafai na gwamnatin ƙasarsa sai da suka yanke wurin kafin su bari a buga. Mu da kakanninmu suka ga yadda sojojin Ingila suka shiga Hadejia a 1906 suka kashe Sarki Muhammadu Mai Shahada da jama'arsa, ya kamata mu gane kanmu a cikin mutanen wannan ƙauye. Baffa, kai da kanka ka ba mu labarin yadda kuke kasa kunne a rediyo kuna yi wa mutanen Grozny, babban birnin Ceceniya, addu'a lokacin da ake ruwan bama-bamai a kansu. Rundunar da ta yi wancan ita ce take yin wannan.

Tolstoy ya san yaƙi daga ciki. Yana cikin masu harba igwa a Sevastopol lokacin yaƙin Kirimiya a 1854 da 1855, kuma abin da ya rubuta daga can ƙafafu ne da ake yankewa a ɗakin fiɗa da hafsoshi masu neman lambar yabo. Da ƙasarsa ta shiga yaƙi da Japan a 1904, ya fito fili ya yi Allah wadai da shi, alhali cocin ƙasar ya riga ya fitar da shi daga cikinsa tun 1901. Saboda haka babu wani saɓani tsakanin littattafan da ke ɗakina da maganar da na rubuta a zaure. Daga cikinsu na koyo ta.

Ta ɗaya ɓangaren ma ban tsira ba. Wata abokiyar karatuna 'yar Yukren, wadda yayanta ke bakin daga, ta gan ni da littafin a ɗakin hutu na asibiti, ta ce mini ta daina buɗe duk wani abu da aka rubuta da wannan harshe, kuma tana ganin waɗannan marubuta ado ne da daula ke rufe fuskarta da shi. A Kharkiv an cire gunkin Pushkin, mawaƙin Rasha, a 2022, a Kyiv kuma an sauya sunan tashar jirgin da ke ɗauke da sunan Tolstoy a 2023. Ban yi musu da ita ba, domin wanda ke jiran kiran waya daga fagen fama ba a koya masa yadda zai ji. Amma ban yarda da ita a kan Tolstoy ba. Na gaya mata cewa a zauren kakana ana karanta waƙoƙin Imru'ul Ƙais da Zuhairu, mawaƙan jahiliyya, malamai suna haddace su don daɗin harshe da zurfin tunani, kuma babu wanda ya taɓa cewa sun bi addinin mawaƙan. Zuhairu ma yabonsa ya tafi ne ga dattawa biyu da suka biya diyya daga dukiyarsu don kashe wutar yaƙin ƙabilun Absu da Zubyanu. Ita kuma ta nuna mini abin da ya ƙara mini ilimi: babban mawaƙinsu Taras Shevchenko, wanda aka haifa a cikin bauta, ya yi wata waƙa a 1845 yana goyon bayan mutanen Kaukasus a kan daular Rasha, bayan shekara biyu kuma aka kore shi zuwa aikin soja a nesa tare da umarnin kada ya ƙara rubutu ko zane. Samarinmu da ke cewa Yukren 'yar koren Turawa ce kawai ba su taɓa jin sunansa ba.

Akwai wani gajeren labarin Tolstoy na 1886 da nake fata wata rana in gan shi da Hausa a hannun ɗalibanmu kusa da Magana Jari Ce, domin labarin manomi ne. Sunansa Pahom, ƙasa ba ta isarsa, har ya ji labarin mutanen Bashkir da ke sayar da duk filin da mutum zai iya zagayewa da ƙafa a yini ɗaya a kan rubul 1,000, da sharaɗin ya dawo inda ya tashi kafin rana ta faɗi. Duk inda ya hango ƙasa mai kyau sai ya ƙara faɗaɗa zagayen, har yamma ta yi masa a nesa, ya dawo da gudu ya faɗi matacce a kan iyaka, baransa ya haƙa masa rami daidai tsawonsa. Duk wanda ya taɓa zama a sulhun rikicin gona a gaban dagaci ya san Pahom.

Kuma yaƙin nan ya zo har gonakinmu, ko da masu tafi ba su lura ba. Kafin 2022 Rasha da Yukren ne ke fitar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da ake sayarwa a kasuwar duniya, sinadarin fotash da ake haɗa takin NPK da shi a Najeriya kuma daga Rasha ake kawo shi, har sai da aka nemo na gaggawa daga Kanada a 2022. Faɗuwar naira da cire tallafin mai sun ƙara nasu daga baya, amma tun kafin nan Yaya ya fara rage buhunan takin da yake zuba wa alkamarsa ta rani. Ni ma a nan kuɗin haya ya ninka a kaina a ƙarshen 2022, saboda dubban samarin Rasha da suka tsallako iyakar Jojiya suna gudun kada a ɗauke su soja. Maƙwabcina ɗaya ne daga cikinsu, injiniya ne, ya bar mahaifiyarsa a Mosko, kuma ba ya tafa wa kowa.

Gargaɗina ga ƙannena shi ne a kan dillalan da ke yawo da alkawarin aikin gadi ko na girki a Rasha da albashin dala. A Nuwambar 2025 ministan harkokin wajen Yukren ya ce fiye da 'yan Afirka 1,400 daga ƙasashe 36 suna yaƙi a ɓangaren Rasha, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka kama sun ce takarda aka ba su da harshen da ba sa ji suka sa hannu. Kada ka sayar da gonar gado ko shanun noma ka ba dillali, kada ka miƙa fasfonka ga kowa, kuma kada ka sa hannu a kan abin da ba ka karanta ba. Duk wanda aka ba irin wannan takarda da Rashanci, ya ɗauki hotonta ya ba ƙanena ya turo mini, zan karanta masa ita layi bayan layi, ba tare da ko kwabo ba.